Muryar Inna a Kan Faifai Takwas

Ranar Alhamis labarin ya iske Safara'u, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, tana tsaye a kicin tana tsince wake. Wayarta ta yi ƙara, ta ga lambar da ba ta sani ba, ta ƙi ɗagawa, don masu talla sun ishe ta da kira. Aka sake kira. A na uku ta goge hannu a zani ta ɗauka.

"Maman Yusra? Nentawe ne, abokin aikin Oga Musbahu."

Ta san sunan. Mutumin Filato ne, teburinsa na jikin na mijinta a ofishinsu na Manchester, sau ɗaya ya taɓa zuwa gidan da wata sallah ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

"Akwai wani kusa da ke?"

"Ni kaɗai ce. Lafiya?"

"Oga ya faɗi a ofis ɗazu. Muna asibiti." Tana jin ana ta magana da Turanci a bayansa. "Ki yi haƙuri, Maman Yusra. Allah ya karɓi abinsa."

Ta yi salati, ta zame ta zauna a ƙasa. Har maƙwabciyarta ta shigo, waken na damƙe a hannunta na hagu, ba ta san da shi ba.

Shekara ashirin da bakwai suka yi tare. A Birmingham suka yi su duka, sai shida na ƙarshe da aiki ya kai Musbahu Manchester. Ya so su koma can, ta ce ita ba inda za ta: a nan ta san maƙwabta, a nan ta san hanyar masallaci, likitanta ma ya san ciwon gwiwarta ba sai ta yi dogon bayani ba. Sai ya kama ɗaki a can, a unguwar Whalley Range, a irin manyan gidajen nan da aka yayyanka aka mai da su flat-flat. Ya tafi Litinin da asuba, ya dawo Juma'a da yamma a jirgin ƙasa. 'Yarsu ɗaya, Yusra, ita ma a Manchester take jami'a, tana zaune a unguwar Fallowfield.

Aikinsa kuwa Safara'u ba ta taɓa gane kansa ba, ita da aji huɗu ta tsaya a firamaren Ringim. Abin da ta sani, kamfaninsu na hayar manyan kwamfutoci da ke jibge a wani gini, a wani gari, ba mai ganinsu, daga nesa ake ba su umarni. Wannan shi suke kira cloud. In aiki ya fi ƙarfin faifan da ke riƙe bayanai a cikin kwamfutar, Musbahu ne ke haɗa faifai da yawa su zama ɗaya babba. Nan iliminta ya tsaya, kuma bai taɓa damunta ba.

Abin da ya haɗa ta da wannan aiki kaset ne.

Lokacin da aka kawo ta Ingila ba ta iya karanta doguwar wasiƙa ba, mahaifiyarta kuwa, Inna, ko alƙalami ba ta taɓa riƙewa ba. Sai Inna ta riƙa zama gaban rikoda a tsakar gida, a danna mata, ta yi ta magana har gefen kaset ya cika, a juya. Duk wanda aka ji zai zo ƙasar Turawa, ko Landan ce ko Glasgow, sai an bi shi da kaset a cikin leda. A ciki akwai wadda ta haihu da wanda ya rasu, da akuyar da ta ci shanyar maƙwabta, da faɗa, da nasiha, da addu'a mai tsawo. A baya kana jin zakara, kana jin daka. Inna ba ta taɓa yarda na'urar na ɗauka ba, bini-bini sai ta tsaya ta ce, "Kai, wannan abin yana ji na kuwa?"

Guda sittin da uku suka taru kafin wayar salula ta isa garin. Bayan shekara biyu Inna ta rasu. Safara'u ta zuba su a kwali ta tura ƙarƙashin matakala. Rikodar gidan ta lalace, aka ce za a sayi wata, ba a saya ba. Shekaru suka yi ta wucewa.

Da sanyin bara Musbahu ya shiga neman takalmansa na ruwa, ya jawo kwalin. Danshi ya ci gindinsa, kaset ɗin sun yi fari-fari da fumfuna, wari ya cika falo.

"Subhanallahi. Maman Yusra, kin ga yadda muka bar Inna?"

Ya sayi tsohuwar rikoda a hannun wani dattijon Bature. Duk Litinin ya ɗauki goma ya tafi da su Manchester, ya juye muryar cikin kwamfutarsa, Juma'a ya dawo da su ya mayar kwali. Ranar Lahadin ƙarshe da ya yi a duniya, yana zaune a teburin cin abinci da kwamfutar a gabansa, ya miƙe hannuwa sama ya ce, "Alhamdulillahi, na gama ɗauka duka."

Tana kicin ta ɗago murya. "To yanzu Inna tana ina?"

"Tana cloud, tana shan iska."

"Kai dai ba ka rabuwa da shaƙiyanci. Surukarka ce fa."

"Ai shi ya sa na kama mata babban masauki." Ya yi dariya. "Wannan 'yar kwamfutar tawa ta cika, sai na yi hayar wata, na kwashe komai na mayar can. Kin tuna yadda kuke shanyar gero a gida? Tabarma ɗaya ba ta isa, sai ku jera da yawa ku baza. To faifai takwas na haɗa suka zama ɗaya. A kansu nake wanke muryar, ina cire wannan shuuu ɗin da ke cikin kaset. Amma shanya ce kawai, ba rumbu ba. In na gama zan kwashe in kai inda ake ajiya. Zo ki ji kaɗan, har zakaran ya fito tas."

"Bari sai ka gama gaba ɗaya. Shinkafata za ta kama."

Rabin maganar ta ji, rabi ƙarar tukunya ta cinye. Abu biyu ta riƙe: ya gama ɗauka duka, kuma suna cloud. Cloud kuwa ta ga aikinsa da idonta. Bara wayar Yusra ta faɗa ruwa ta mutu murus, aka sayi sabuwa, hotunanta suka dawo kaf, ko ɗaya bai ɓata ba. Tun daga ranar ta sa a ranta cewa abin da ya shiga can ya shiga ke nan.

Ranar Talata mai gyaran danshi ya yi waya ya ce zai zo, a fitar da komai daga ƙarƙashin matakala. Ta jawo kwalin, warin ya buge ta har ta yi tari. Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce a ranta, muryar ai ta tashi daga nan, roba ce kawai ta rage. Ta juye su a baƙar leda, ta ɗaure, ta kai kwandon shara. Laraba da safe motar shara ta council ta zo ta kwashe. Ta yi niyyar in ya dawo Juma'a ta nuna masa wurin fes, ya yaba. Alhamis aka yi mata waccan wayar.

Sai ranar Litinin aka ba su gawa, aka yi jana'iza a Birmingham. Gida ya cika. Yayar Musbahu, Hajiya Nana A'isha, ta zo daga Leicester ta zauna a gefen Safara'u, ita ke amsa gaisuwa, ita ke cewa a yi kaza a bar kaza.

A rana ta uku bayan jana'iza Nentawe ya zo. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa a bakin ƙofar falon mata, ya yi ta'aziyya kansa a ƙasa. Ya miƙo wata leda da aka ba shi a asibiti: agogo, makullai, tabarau, da waya. Safara'u na karɓa wayar ta yi ƙara, irin ƙaran nan da ta saba ji daga aljihun Musbahu in yana alwala. Ta danne maɓallin har wayar ta mutu.

"Maman Yusra, ki gafarce ni, akwai wata 'yar magana," in ji Nentawe. "Kwamfutar da Oga ya yi haya saboda kaset ɗin Mama, mahaifiyarki, tana nan a kunne. Ya kamata a kwashe abin da ke kanta. Ni zan iya, amma sai an turo wata lamba ta wannan wayar kafin in shiga."

Hajiya Nana A'isha ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Bawan Allah, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, ka zo mana da zancen kwamfuta? Ba a taɓa kayan mamaci yanzu. A bari a yi arba'in."

"Haka ne, Hajiya. Ku yi haƙuri." Ya sake duban Safara'u. "Amma dai kaset ɗin suna nan ko? Oga ya ce suna gida a kwali. In suna nan ba wata gaggawa, ko me ya faru a sake ɗauka."

Mata wajen goma ne a falon, duk suna jiran amsarta. A cikinsu akwai waɗanda suka san Inna, akwai wadda ta taɓa ɗauko mata kaset daga Kano a jakarta. Ta yaya za ta buɗe baki a gabansu, a gaban yayar mijinta, ta ce ta zuba muryar uwarta a shara? Kuma ai suna cloud.

"Suna nan," ta ce.

"To alhamdulillahi," in ji Nentawe, har da sauke numfashi. Ya tashi ya tafi kama jirginsa.

Ta kai wayar ɗaki ta sa a ƙasan durowa, ta danne da mayafai. Ta shiga takaba. Kwanakin suka yi ta tafiya iri ɗaya: salla, tasbihi, baƙi, shayi. Wani lokaci maganar Nentawe takan faɗo mata, wai ko me ya faru. Sau biyu ta jawo durowar ta mayar. Tana da lambarsa a wayarta, kalma biyar ta isa ta gyara abin da ta faɗa. Sai ta ce gobe. In goben ta zo ta ce ai saura kwana kaɗan a yi arba'in.

Da aka yi sadakar arba'in, Hajiya Nana A'isha ta koma Leicester. Yusra za ta koma makaranta, Safara'u ta ciro wayar ta damƙa mata.

"Ki kai wa abokin babanki. Ki ce ya kwaso min Inna."

Ranar Asabar da azahar sai ga su tare, Yusra da Nentawe. Tun daga yadda ya tsaya yana goge ƙafa a bakin ƙofa fiye da kima ta san babu daɗi. Ta kawo masa shayi, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Maman Yusra, da muka kunna wayar mun tarar da saƙo daga masu hayar kwamfutar. Kwana goma sha biyu bayan rasuwar Oga suka turo. Sun ce injin da ke ɗauke da ita ya fara ciwo, faifai ɗaya na mutuwa, za su sauke shi nan da mako biyu, duk mai kaya a kai ya kwashe. Sun sake turowa sau biyu."

"To sai aka yi yaya?"

"Sun sauke shi. Yau kwana goma sha takwas."

"Ai sai su ɗora wani su mayar da kayan. Ba haka aka yi wa Yusra da hotunanta ba?"

"Wancan daban, Umma," in ji Yusra a hankali, da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba.

Nentawe ya ajiye kofin. "Wancan wurin ajiya ne, suna riƙe abu a wuri uku ko huɗu. Wannan wurin aiki ne. Faifan a jikin injin suke, saboda sauri. Ana kashe injin ake share su, don wani zai hau bayanka. Kowa a aikinmu ya san haka. Oga ne ma ya koya min."

"Ka ce faifai ɗaya ne ya mutu."

"Ɗaya ne."

"Shi kuwa ya ce min takwas ya haɗa. To a ba ni bakwai ɗin. Na yafe ɗayan. Ko kaset hamsin na samu ai na gode Allah."

Ya sunkuyar da kai. "Ba haka haɗin yake ba. Ba wai kaset takwas na nan, takwas na can ba. Kowace magana da Mama ta yi, an daddatsa ta gida takwas, kowane faifai ya riƙe ɗan guntu, don su yi aiki tare a lokaci ɗaya. In ɗaya ya tafi, abin da ke kan sauran ba ya zama magana. Kuma su ma an share su." Ya ɗago yana ƙoƙarin murmushi. "Aikin wata biyu ne ya tafi, ba komai. Ki ba ni kwalin in tafi da shi. Rikodar na nan a ɗakin Oga, ni zan sake ɗauka daga farko, na ga yadda yake yi."

Safara'u ta dubi ƙofar ƙarƙashin matakala. An yi mata sabon fenti, fari tas.

"Babu kwali," ta ce.

Nentawe da Yusra suka zuba mata ido.

"Na zubar. Tun ranar Talatar, kafin ya rasu. Ya ce min ya gama, ya ce suna cloud."

"Umma!" Yusra ta miƙe tsaye, ta yi ta zuba Turanci da sauri, hawaye na zubo mata. Safara'u ba ta kama duka ba, ta dai ji ana maimaita shara, shara, da kuma me ya sa ba ki faɗa ba. Yarinyar ta haye sama ta rufe ƙofa.

Nentawe ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah. Da na sani a ranar, da ko Hajiya za ta kore ni da tsintsiya sai na karɓi lambar nan. Minti goma ne, Maman Yusra. In shiga, in danna, ya kwashe da kansa kafin in kai tasha." Ya girgiza kai. "Laifina ne. Na san irin faifan nan, bai kamata in bar su kwana arba'in ba ko da kaset ko babu."

"Ba laifinka ba ne. Ka tambaye ni, na ce suna nan."

Shayin ya huce. Can Nentawe ya ce, kamar mai magana da kansa, "Nakan ji muryar Mama, kin sani. Lokacin cin abincin rana Oga kan cire abin kunne ya ce, zo ka ji surukata. Akwai inda take yi miki faɗa wai an ce mata a Ingila kina fita ba safa. Ta ce in sanyi ya shige ki ta ƙafa, kada ki kuka da kowa. Sai ta tsaya ta kori kaza, ta dawo ta ce, ina na tsaya?"

Safara'u ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kukan da ba ta yi irinsa ba ko ranar jana'iza. Ta tuna kaset ɗin. Shekarar da ta yi cikin Yusra ne.

Yusra ta bi wayar uban kaf, saƙo bayan saƙo, ko ya taɓa tura wa wani ɗan guntu. Bai tura ba. Ta duba kwamfutarsa, ta tarar ya share don ya sami wuri. Nentawe ya rubuta wa masu hayar har sau uku, suka amsa da ladabi cewa suna taya su baƙin ciki, amma babu abin da ya rage.

Da ta fita takaba, Safara'u ta hau jirgi zuwa Manchester don kwashe ɗakin Whalley Range. Sau biyu kacal ta taɓa shigarsa yana da rai. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a hawa na uku: gado, darduma, tukunya ɗaya, jallabiyarsa a bayan ƙofa. Rikodar na kan tebur. Tun a jirgi take ta lissafin ko ya manta guda ɗaya a ciki, tunda mutum ne mai mantuwa, sau nawa yana barin makulli a jikin ƙofa. Ta tsaya a gabanta ta yi bisimilla, ta danna maɓallin. Murfin ya buɗe a hankali. Ba komai a ciki, har ya goge wurin da auduga, yana ƙyalli.

Ta zauna a bakin gadon ta daɗe. Abin da ya fi cin ranta ba zubarwar ba ce, don wannan da zuciya ɗaya ta yi. Kalma biyun nan ne da ta faɗa a falo. Matan da ta ji kunyarsu kuwa, ko ɗaya ba ta sake tambayar kaset ba.

Yanzu shekara ta kusa zagayowa. Maganganun Inna suna nan a kanta da yawa, amma muryar ce ke ja da baya, in ta kai hannu sai ta ji tata muryar ce ke faɗar su. Kullum da safe, bayan ta karya, takan zauna a teburin kicin ta danna wayarta ta faɗi abu ɗaya da ta tuna daga cikin kaset ɗin, yadda Inna ta faɗe shi, da faɗan da addu'ar. Wata rana ya yi minti biyar, wata rana jimla ɗaya ce. Sai ta tura wa Yusra, ta tura wa ƙanwarta a Ringim, ta jira ta ga alama ta nuna ya isa wurin su biyun, sannan ta tashi ta wanke kofinta.